Rumbu Mai Ƙofa Bakwai

A gidanmu na Ƙofar Kibo, da an idar da sallar magariba sai mu jikoki mu kewaye murhun Iya, kakarmu, tana soya mana gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Mu tara ne, amma wuri ɗaya ake rububi, gefen tabarmarta na dama. Kusan kullum Nasiru ke samunsa, ɗan baffana, wanda na girma da wata huɗu. Ni ke zuwa na ɗaya a makaranta, amma shi take kira "maigidana". Ni kuwa Malam Tambaya take ce mini, abin yana ci mini rai.

Akwai tatsuniyar da ban manta ba. Wa da ƙane suka gina rumbuna. Wan mai dabara ne, ya yi wa nasa ɗaki cikin ɗaki, ƙofa bakwai, kowace da irin ƙullin igiyarta. Ƙanen ya gina nasa baki ɗaya, ya kifa masa jinka. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallon na wan. Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da shi, matarsa ta kasa kwance ko ƙofa ta biyu. 'Ya'yansa suka wuni da yunwa ga hatsi a gabansu, sai gidan ƙanen suka je suka ci.

Na ce, "Iya, ai laifin matar ne da ba ta koyi ƙullin ba."

"Ka ji Malam Tambaya. Maigidana, kai me ka gani?"

Nasiru ya ce, "Shi rumbu ba don a ci ake yinsa ba?"

Ta yi dariya ta cika masa hannu da gyaɗa. Ni na ƙi karɓar tawa.

Yau ni da Nasiru dukanmu rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu. A gidana na Tukur-Tukur na ware ɗaki guda na jera tsofaffin kwamfutoci shida, ba a kashe su, ga batir ga sola. Duk baƙon da ya zo sai na shigar da shi ya gani.

Bara Baffa, mahaifin Nasiru, ya ce a ɗauki hoton littattafan da kakanmu ya rubuta da hannu, a ajiye inda dangi za su karanta a waya kafin gara ta gama da su. Ya ce kowannenmu ya gwada. Na yi wata uku a kai: wannan na'ura tana ajiya, waccan tana bincike, wata tana tantance mai shiga, wata tana gadin sauran. Nasiru kuwa tsohuwar kwamfuta ɗaya ya sa, da jerin shafuka kawai. Da na gani har na tausaya masa.

Ranar da dattawa suka taru a zaure, nawa ya ƙi buɗewa. Na'urar tantancewa ta tsaya, sauran suka tsaya da ita. Na kira matata Hauwa a waya na ce ta kashe ta kunna.

Ta ce, "Wacce daga ciki? Duk fitilunsu iri ɗaya ne."

Kafin in gama kwatance, Baffa ya buɗe na Nasiru. Ya ga rubutun mahaifinsa, ya shiga share ido. Ya sa wa Nasiru albarka mai tsawo, sannan ya waiwayo ya ce mini, "Kai ma ka yi ƙoƙari."

Na daɗe ina ɗauka son kai ne Iya ke yi. Sai a zauren nan na gane ta ga halina tun ina yaro: ni so nake a zo kallo, shi so yake a ci. Ganewar ba ta rage mini zafi ba. Har yanzu in dangi suka yabi aikinsa, sai in ji kaina ina cewa ai shafin ba shi da kyan gani.

Na dai kashe huɗu daga cikin kwamfutocin, kuma aikina bai ragu da komai ba. Da Nasiru ya zo ya ga ɗakin ya yi tsit, ya tambaye ni dalili. Na ce masa batir ne ya yi sanyi.