Kawu Sabo da Farfesan Rage Haraji

Kano, Litinin

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar Fagge, ni da Kawu Sabo, a shekarar 1998. Ni rigunan yara zan saro a Guangzhou ta ƙasar Sin, shi kuwa kujerarsa zai je ceto. Kawu tsohon malamin tattalin arziki ne a sakandare, kuma shugaban 'yan kasuwar unguwarmu. Bara ya rage kuɗin shara da gadi da kowace rumfa ke biya zuwa rabi, ya rantse asusu zai cika har ya tumbatsa. Asusu ya bushe, mai gadi ya kama gabansa, shara ta kai gwiwa. Aka sa Juma'ar ƙarshen wata don a cire shi.

Tushen abin wani farfesa ne Ba'amurke da Kawu ke bi ido rufe. Da ya ji a rediyo mutumin zai yi lacca a Guangzhou, sai ya sayar da babur ɗinsa ya maƙale mini, wai zai samo shaida daga bakin mai ita.

Legas zuwa Hong Kong

Jirgi ya tsaya Addis Ababa, ya tsaya Bangkok, bakin Kawu bai tsaya ba. Ya ce farfesan ya fara ne yana ƙaramin malamin jami'a, abokan aikinsa na kiransa mahaukaci don ya ce in gwamnati ta sassauta haraji, mutane za su ƙara zage damtse, kaya su yawaita, baitulmali ya fi cika. Sai wani shugaban ƙasarsu ya saurare shi, daga nan ƙasashe suka shiga layin gayyatarsa. Sau uku na sha tarihin nan, a na ukun har farfesa ya ƙara tsawo.

Laraba ƙarfe tara muka hau jirgin ƙasa daga Hong Kong, awa biyu sai Guangzhou. Jami'in kwastan ya zaro goro daga jakar Kawu, ya gatsa, ya yamutsa fuska, ya kore mu da hannu.

Guangzhou

Alhaji Idi, wani mutumin Maraɗi mai tura kaya daga ginin 'yan kasuwa na Tianxiu, ya sama mana ɗaki a bakin titin Huanshi Lu, yuwan tamanin na kuɗin ƙasar kwana ɗaya. Shinkafa da naman rago a wurin Musulmin Sin yuwan goma. Ranar Alhamis a kasuwar Shisanhang ina ciniki, Kawu na bin masu shaguna yana tambayar nawa suke biyan haraji. Wata mata ta ce masa "meyo", wato babu, ya rubuta a littafinsa cewa ga hujja. Alhaji Idi ya ce ko sunanta ka tambaya amsar ke nan.

Asabar ƙarfe uku aka yi laccar a wani babban otal. Ba mu da takardar gayyata, amma Kawu ya ɗauko babbar rigarsa mai aska takwas ya zuba. Masu tsaron ƙofa suka rusuna, a zatonsu ministan wata ƙasa ne, suka kai mu sahun gaba. Da aka tashi aka ce an ba mai girma minista minti biyar da farfesa.

Ashe farfesan ɗan tsurut ne, tsoho mai tari, yana cin gyaɗa. Kawu kuwa ba ya shiga maganar babba ba gaisuwa. Ya tambaye shi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyin Amurka, ya tambayi jikin tsohon shugaban ƙasa. Minti huɗu suka tafi, ga shi ya nufi gaida 'yan uwan matar farfesa. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na katse kawuna, na zayyana labarin kasuwarmu da gurgun Turancina.

Farfesa ya tambayi nawa rumfa ke biya kafin ragin. Na ce kuɗin goro ɗaya a rana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Abin da ya faɗa, in an juye da Hausa, shi ne:

"Ni maganata a kan jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima ce. Naka jakin ba komai a bayansa, me ka sauke masa?"

Kawu ya yi godiya, ya miƙa masa goro, aka ɗauke su hoto. Wallahi tausayin Kawu ya kama ni. A cikin tasi na ce, "Kawu, ba wanda ya ji a Kano. Ga hoto. Mu ce ya sa albarka."

Kawu ya ce, "Shekara talatin ina hana yara satar amsa, Nasiru."

Kano, Alhamis

Ƙarfe biyu na rana muka sauka lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Alhaji Idi kuma Allah ya saka masa da alheri.

Washegari bayan Juma'a kasuwa ta taru. Kawu ya miƙe ya ce farfesa yana gaida kowa, sannan ya maimaita maganar jaki ba tare da ya rage ko harafi ba. Sakatare ya ce wanda ke son a cire shugaba ya ɗaga hannu. Hannun Kawu ne ya fara tashi.