Kawu da Maɓallin Mayar da Lokaci

Ina karatu a Talata Mafara wani abokina ya sa mini wasan harbi a kwamfutata. Ba ka ganin kanka a ciki, sai hannuwanka riƙe da bindiga. In ka harbi wani, kana iya danne maɓalli guda lokaci ya koma baya: harsashi ya koma bakin bindiga, wanda ya faɗi ya miƙe.

A lokacin kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune gidanmu. Malami ne a wani ƙauye kusa da Dosara. Ya taso ne bayan 'yan bindiga sun kashe babban ɗansa a gona, kuma wata biyu bai taɓa ta da maganar ba.

Wata Asabar bayan la'asar ina zaure ina bugawa, ban ji shigowarsa ba. Da na juya na gan shi tsaye a bayana. Na kai hannu zan rufe.

Ya ce, "Bari. Wancan da ya faɗi, ƙaƙa aka yi ya tashi?"

"Lokacin na mayar baya, Kawu. Wasa ne kawai."

Ya zauna kan tabarma. "Sake in gani."

Na harba, na danna, mutumin ya miƙe. Sai Kawu ya ɗora yatsansa kan maɓallin ya danne, ya ƙi ɗagawa. Hoton ya ja baya kaɗan ya tsaya cak.

"Nan ya ƙare?"

"Iyakarsa ke nan, Kawu."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Ni na ta da ɗana ranar da aka kashe shi. Ya ce kansa na ciwo, a bar shi ya kwanta. Na ce ragwanci ne, ya ɗauki fartanya ya wuce."

Duk gidan mun ɗauka da kansa ya fita. Na buɗe baki in ce ƙaddara ce, na tuna shi ya koya mini kalmar, sai na fasa.

Washegari ya faɗa wa mahaifiyata. Daga zaure na jiwo kukanta. Bayan sati ya ce in kai shi Bakura a babur, inda matar marigayin take takaba gidan iyayenta, don ita ma ta ji daga bakinsa. Na tsaya ƙofar gida, ya cire takalmansa ya yi sallama ya shiga shi kaɗai.