Sharhin da Na Tura da Wayar Maigidana

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Gashuwa, kuma kusan duk tsawon shekarun nan littafi ɗaya nake rubutawa, labarin wani gidan masunta a bakin kogi. Da na gama na buga kwafi kaɗan na raba wa abokan aiki. Kowa ya ce sannu da ƙoƙari. Ban taɓa jin mutum biyu suna gardama a kansa ba.

Ina da ƙanwa a Nguru, 'yar ƙanwar mahaifiyata, mai sana'ar bandar kifi. Da ƙyar ta gama sakandare. Ita ce ta fara rubuta labari a waya tana turawa wani guruf na masu karatu kullum bayan la'asar. Labarin wani ɗan sanda ne da aka kora daga aiki, yana bin sawun masu sace motocin hatsi a hanyar Kumagannam. Kowane shafi sai an yi tsere, ko an tsinci gawa, ko an kama wanda ba shi ba ne. Tana gama littafi na ɗaya ta faɗa na biyu, ba hutu.

A ofishin malamai na fara jin zancen. Malamar lissafi, wadda ta ajiye littafina a ƙarƙashin rajista har bangonsa ya naɗe, ita ce take buga tebur tana rantsuwa cewa sarkin tasha ne shugaban ɓarayin. Wata ta ce a'a, matar ɗan sandan ce. Suka juyo gare ni.

"Malama, an ce 'yar'uwarki ce. Don Allah tambayo mana."

Na ce ban da lokacin irin wannan karatu. Ƙarya nake. Babu shafin da ya wuce ni, har wanke-wanke nake bari in karanta, ina yi ina jin haushin yadda na kasa ajiye wayar.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne a mota, ranar da na je Nguru duba mahaifiyarta. Wani ɗan kasuwar gero a kujerar gaba yana karanta shafin jiya da ƙarfi, direba ya rage rediyo yana saurare. Wata dattijuwa kusa da ni ta ce ita dai saurin ya yi mata yawa, mutum bai gama jimamin wanda aka kashe ba an kashe wani. Ɗan kasuwar ya ce ai daɗinsa ke nan, Hajiya, ba ya barin mutum ya yi numfashi. Direba ya ce shi abin da ya burge shi, duk wanda ya rubuta ya san yadda ake ɗaure lodi. Tun daga Gashuwa har muka hango Nguru ba su daina ba. Ni kuwa ina takure a baya.

Da na dawo gida na ɗauki wayar maigidana, na shiga guruf ɗin da lambarsa, na rubuta dogon sharhi. Na ce wannan ba adabi ba ne, gudu ne kawai. Na ce ɗan sandan ya haye kogi da kwalekwale a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan wurin bai kai gwiwa ba. Na ce yaron motar da aka binne a littafi na ɗaya ga shi yana shan shayi a na biyu. Duk gaskiya ne, amma ba don gaskiya na rubuta ba.

Masu karatu suka yi mini ca. Wani ya ce in ka iya, rubuta naka mu gani. Wata ta rubuta kalma ɗaya tak: hassada. Na daɗe ina kallon kalmar.

Ita marubuciyar godiya kawai ta yi. Bayan kwana uku sai ga sabon shafi: ashe ba yaron motar aka binne ba, ɓarayin ne suka shirya jana'izar ƙarya don ya ɓace wa hukuma. Guruf ya kaure. Aka yi ta yabon basirarta, wai tun farko ta ɗana tarkon. Ni kaɗai na san a ina ta samo shi. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Bayan wata guda aka yi suna a gidansu, dole na je. Na same ta a bayan gida tana juya tarwaɗa a kan ragar banda, hayaƙi ya sa idonta ja. Muka gaisa, ta tura mini kujera.

"Yaya, ki gaida mini Baban yara. Ki ce na ga sharhinsa."

Na ce wane sharhi.

Ta yi dariya har tana tari. "Lambarsa tana wayata tun bikinku. Kuma yaushe ya fara sanin zurfin kogi? Mutumin da ko kifi ke kike saya masa."

Kunya ta rufe ni. Na so ta yi fushi, da na samu abin riƙewa, amma ba ta yi ba. Ta ce ta karanta littafina sau biyu, ita ba za ta iya rubuta ruwa yadda na rubuta shi ba. A littafi na uku ɗan sandan zai ɓuya a wurin masunta, tana so in rubuta mata wannan shafin.

Na ce zan duba. Mako biyu na yi a kansa. Na sa hantsi a kan ruwa, na sa tsohon masunci yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, na sa ɗan sandan ya zauna shiru karo na farko yana tunanin 'yarsa. Ta tura shi yadda yake, ba ta taɓa ko waƙafi ba.

Ranar aiki ya tsare mu har yamma, ina ofishin malamai ra'ayoyi suka fara shigowa. Wani ya ce yau babu komai a ciki. Wata ta tambaya ko marubuciya ba ta da lafiya ne. Malamar lissafi ta ɗago kai ta ce wannan shafin kamar an ba labarin maganin barci. Mutum ɗaya ne, wani da ya ce shi ɗan masunta ne daga wajen Gashuwa, ya turo saƙon murya yana cewa haka mahaifinsa yake riƙe allurar koma, daidai haka. Na saurara sau huɗu a bayan aji.

Washegari ta dawo da harbi da tsere, aka ce alhamdu lillahi ta warke. Na karanta shafin a tsaye a bakin murhu, miya tana ƙonewa, ina jin haushinta kamar yadda na saba.