Darbejiyar da Aka Kusa Yi wa Aski

Kakarmu, wadda muke kira Sitti kamar sauran 'ya'yan Jidda, ba ta yin tatsuniya hannunta babu aiki. Sai ta hura gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Sharafiyya, ta ɗora kaskon gyaɗar da za ta kai bakin masallaci washegari, sannan bakinta ya buɗe. Tsakanin Magariba da Isha'i ne lokacinta. Mu kuma mu kewaye ta a gindin darbejiya, muna taya ta ɓara, rabi a kwano rabi a baki, tana yi mana daƙuwa. A garin da zafi ke hana mutum sakat, ina jin mu kaɗai ne muke zama gaban wuta da son ranmu.

Darbejiyar nan ita ce dukan inuwar gidan. Ɗakunanmu rufin kwano ne, da hantsi ya yi ba mai iya zama ciki. A ƙarƙashinta ake girki da wanki da barcin rana, a nan kuma Sitti ke sana'arta.

Ina ɗan shekara tara rassanta biyu suka tsallaka katangar maƙwabcinmu, suka fara gogar wayar lantarki. Ya yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsa. Babanmu ma'aikacin masana'anta ne, inji ya sani, itace kam sai dai ya sha inuwarsa. Ya kira Ammu Salihu, wani tsoho ɗan Yaman mai gyaran itatuwan gidajen masu hali. Tsohon ya zagaya ta, ya shafa jikinta, ya ce a cire rassan nan biyu kawai, sauran gyara a bari sai sanyi ya shigo.

Sai dai a kwanakin muna da baƙo, Baffa Idi, ɗan ƙanen Sitti, wanda ya zo umra daga wajen Maraɗi ya ƙi komawa. Ƙato ne, mai fara'a, kuma a ƙauyensu shi ake kira idan itace na son sara. Da ya ji hukuncin tsohon sai ya fashe da dariya.

"Haba Yaya, rassa biyu? Ka bar ni da ita. Ranar Juma'a zan aske ta tas, kamar yadda muke yi a gida. Kafin wata guda ka ga toho kore shar."

Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, Juma'a." Ɗan'uwa ne, ga shi yana neman inda zai nuna hannunsa, wa zai ba shi kunya saboda bare?

Sitti na jin su. Baba ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta tare shi da gardama a gaban baƙo. Shekarunta masu yawa a ƙasar Larabawa ba su rage mata wannan kunya ko kaɗan ba. In tana son ya ji magana, sai ta faɗa wa kaza, ko mu.

Daren Alhamis ta ƙara gawayi, ta ɗaga murya fiye da kullum. Baba da Baffa na kan tabarma nan kusa. Sitti ta buɗe tatsuniya da irin salonta:

"To, ga wata nan ta sauko daga jirgin ruwa, ko iƙama, takardar izinin zama, ba ta da ita."

Muka amsa yadda ta koya mana: "Ta shigo mu ɓoye ta!"

Wai an yi wani mutum, Tanko, wanzamin itatuwa. A ƙasarsu da zarar shamuwa ta sauka, sai ya hau da gatarinsa ya aske itace tas, don ya san ruwa na biye da ita. Kafin ka ce me, damina ta faɗi, itace ya yi sabon gashi. Sunansa ya yi nisa har wani gari a bakin ruwan gishiri, inda itace ɗaya tal suke da shi, a gindinsa ake cin kasuwa, a nan ake raba gardama. Suka aika aka ɗauko shi. Tanko ya ƙirga watanni da yatsunsa, ya ce lokaci ya yi. Wata tsohuwa ta tambaye shi, "Ɗan nan, ka ga shamuwa?" Ya ce tana hanya. Ya hau ya aske, ya sauko ya zauna yana kallon gabas. Ba shamuwa, ba hadari. Rana ta dafa itacen, ɓawonsa ya tsage, ya bushe ƙayau. Ashe ruwan garin sai da sanyi yake zuwa. Da ya zo kuwa, a kan kututture ya zuba.

Yayata Habiba ta ce, "Sitti, esh, me suka yi masa?"

"Ba su yi masa komai ba, 'yar nan. Kullum sai su zo su zauna a rana, su gaishe shi da kyau. Halas, ta koma jirginta."

Na lura Baffa Idi ya daina tauna gyaɗa. Ya daɗe yana kallon sama ta tsakanin ganye, sannan ya ce, "Gwaggo, wai yaushe damina ke faɗuwa a garin nan?"

Ta ci gaba da juya kaskonta. "Ku gaya wa baffanku."

Muka haɗa baki, Hausa da Larabci a cakuɗe, muka ce ba a damina a nan, sai ɗan ruwan sanyi, wata shekarar ma ba ya zuwa. Baba ya yi gyaran murya, ya tashi ya ɗauki buta, alhali ba a kira salla ba tukuna.

Ranar Juma'a Baffa ya hau, Ammu Salihu na ƙasa yana nuni da sandarsa. Rassa biyu suka faɗo, ba a ƙara ba. Daga ranar tsohon ya riƙe shi abokin aiki, don shi ƙafafunsa sun daina hawa, Baffa kuwa hawa kamar biri.

Yau ni ke ɗauko masu gyaran itatuwa a wasu ofisoshi da nake kula da su a unguwar Bagdadiyya, kuma ba na shakkar aikina. Duk wanda ya zo, ko ɗan wace ƙasa ne, ban damu da girman zartonsa ba. Nakan tambaye shi watan da zai yi saran da yawan abin da zai bari. Wanda ya fara da "a garinmu", nakan ba shi shayi in sallame shi. Na daɗe ina ɗauka iyakar darasin ke nan, cewa baƙo ya tambayi gari kafin ya ɗaga gatari, da kuma cewa Sitti gwanar gyara mutum ce ba tare da ta zubar masa da girma ba.

Sai da na yi aure, ita kuma ta tsufa har ba ta iya ɗaga kasko, na tambaye ta inda ta samo labarin Tanko, don ban taɓa jin sa a bakin kowa ba.

"Ai ba Tanko," in ji ta. "Ni ce. Wannan darbejiya ta biyu ce. Ta farko mun tarar da ita a gidan, ƙatuwa, lokacin wancan yana goye." Har a ranar ba ta kira sunan Baba ba. "Ni na matsa wa kakanka ya aske ta, na ce haka ake yi a gida. Ya ce a tambaya, na ce wa za a tambaya, Larabawa sun san itace ne? Ta mutu. Bai ce mini komai ba. Ya samo ƙarama a gwangwanin madara ya dasa, yana ba ta ruwan alwalarsa."

Na ji tausayinta ya kama ni. Na ce ai ga shi ta girma, kowa ya amfana.

"Kowa ya amfana," ta ce. "Shi kam shekara huɗu ya yi yana cin tuwonsa a rana. Ko tsawon katanga ba ta kai ba aka fita da gawarsa."