Magudanar Simon Pedley

Kullum da sassafe za ka ga Simon Pedley ya nufi ramin dalma, yana tafe yana saƙa safa, kamar yadda mazan garinmu na Swaledale ke yi tun kafin mu tsallako teku zuwa Wisconsin. Amurkawa sun yi masa dariya har sun gaji, shi ko a jikinsa. Wannan makon ciwon ƙirji ya tilasta masa ajiye diga, ni kuwa ba zan yi shiru ba.

Da muka iso, ruwa ya cinye ramukan wannan tudu kaf. Mutanen nan daga sama suke haƙa, da sun taɓo ruwa sai su ƙara gaba. Mu da 'ya'ya da tsofaffi, ina za mu? Wasu har sun fara ɗaure kaya, ƙauyen na shirin watsewa. Simon ya ce a yi irin ta gida: a faro daga gindin tudu, a haƙa hanya a kwance da ɗan gangare, ruwan zai fito da ƙafarsa.

Hunturu biyu ana haƙa, ko ƙwayar dalma babu. Ga shi mutum mai taurin kai, duk inda aka wuce sai ya jera duwatsu ya yi rufi, ba laka ba komai. Surukinsa Harker, wanda ya riƙe masa kyandir, ya taɓa ce masa, "Baba, wai dalma muke nema ko kabari kake gyara mana?"

"In kabari ne ai gara ya yi kyau. Miƙo dutse."

Ranar da ruwan ya ɓalle, Harker ya ce kafin ya juya ruwan ya kai masa ƙugu. Rufin bai motsa ba, duk suka fito da rai. Cikin mako ramukan sama suka tsane, masu kaya suka kwance kayansu.

Kai ne, Simon, ka zaunar da mu wuri guda, kuma ba ka taɓa yi wa kowa gori ba. Mun gode, tsoho mai haƙuri. Matasa, ku koyi aikin da ba ya biya yau.

Ranar Lahadi na tarar da Simon a ƙofar coci yana haki, wai hayaniyar yara ta hana shi jin wa'azi. Jikokin masu ɗaure kayan nan ne, sun cika benci har babu wurin zamansa.