Ɓawon Kifi a Rijiyar Baba

Shekarar da fari ya ƙone gero tun yana ƙasa, zamanin soja, rijiyar ƙauyenmu kusa da Kanan-Bakashe ta ƙafe ƙaf. Babana maginin rijiya ne, shi aka sa ya tsaga sabuwa. Ya kai gaba ashirin da wani abu sai guga ta fara fito da ɓawo irin na dodon koɗi da haƙoran kifi, a garin da ko tabki ba mu da shi. A al'adarmu, in magini ya ci karo da abin da bai gane ba, gidan mutanen ɓoye ya taɓa, sai a cike ramin. Dattijai suka ce da safe za a cike, kowa ya ɗaure kayanshi mu nufi kudu. Wallahi ranar na ji tsoro.

Bayan magariba Kaka, uwar babana, ta tara mu bakin murhu kamar kullum. Baba na gefe yana tufkar igiya, ya ba mu baya, wai shi ya girmi tatsuniya. Ta buɗe da gatanan, muka amsa ba ƙarfi.

Ta ce da can ƙasa duka dunƙule guda ce kamar malmalar tuwo, teku na kwance bisa wannan wuri namu. Sai ƙasa ta gaji da kwanciya gefe guda, ta fara muskutawa, kowace shekara faɗin yatsa. A hankali ta tsage, rabi ya yi yamma da itatuwanshi bai waiwayo ba, teku ya kwarara cikin tsagin ya bar mu da rairayi. Nan ta ɗaga murya, ba mu take kallo ba: "Mai ƙaura ba ya kwashe kaya duka. Tarkacen teku ne, ba na aljanu ba. In magini na tsoron tarkace, ya ba ni dagin in sauka."

Baba ya aje igiyar da yake tufka. Da asuba, kafin dattijai su fito masallaci, ya riga ya sauka. Kwana tara bayan nan guga ta fito da jiƙaƙƙen yashi, kuma ba wanda ya tashi daga garin.

Sai da na shiga kwaleji a Tasawa na ga taswira: gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu sun dace da juna tsaf, ɓawon ƙasa faifai-faifai ne masu tafiya da saurin tsirowar farce, kuma teku ya taɓa ratsa ƙasarmu. Yau ni ke koyar da wannan, ba na shakkar ko kalma guda. Amma a wancan lokacin, da aka yi hutu, na ruga gida na tambayi Kaka wa ya koya mata, ita da ba ta taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba.

Ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, a bakin murhun nan na ƙago ta. Ban so a binne ni a garin wasu ne."