Bangon Gidan Mai Kifi

Yayana mai fenti ne. Ba irin masu shafe ɗaki da fari su tafi ba, shi zane yake yi a bango, kuma in ka kuskura ka haɗa shi da waɗancan sai ya yi ta gaba da kai. Tun yana saurayi yake bin garuruwan da ke kan babbar hanya yana zana wa masu gidajen abinci tarihin garinsu. Kafin ya buɗe gwangwani sai ya zauna da tsofaffin wurin, ya sha shayinsu, ya tatsi labari: ina kasuwa take kafin gobara, wa ya fara haƙa rijiya, ta ina jirgin ƙasa yake bi. Abin da suka faɗa shi yake ɗorawa a bango.

Duk hutun makaranta sai ya loda mu a tsohuwar motarsa, shi da matarsa da yaransu, da ni ƙanwarsa da ake cusawa a baya tare da kuloli. Dokarsa ɗaya ce, ba a cin abinci sai a ƙarƙashin zanensa. Kafin a kai loma kuma sai an miƙe an saurari bayani, abinci yana hucewa. Na sha yi masa tsiya a kan haka, amma Allah ya sani ina son tafiyar nan.

Bana tun daga ƙofar gida jikina ya ba ni. Ya daɗe yana laluben ramin makulli. Da muka hau hanya sai ya ƙirƙiro wasa, wai duk yaron da ya riga karanta allon titi yana da alawa. Yara suka yi ta ihu suna rige-rige. Ni ban yi dariya ba, don na lura sai sun karanta yake juya sitiyari. Can gaba wata tirela ta lalace a gefen hanya, bai taka birki ba sai da muka kusa shigewa ƙarƙashinta. Matarsa ta dafe gaban mota tana salati ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Rana ce ta haske min ido."

Babu rana. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin a kan duwatsun da za mu ratsa bayan mun ci abinci, hanyar nan mai kwana-kwana da rami a gefe.

Da azahar muka isa gidan Mai Kifi, wata dattijuwa da ke suya a bakin kogi, dab da gada. A wurinta zanen da Yaya ya fi ji da shi yake: jirgin fito cike da mutane da awaki, yadda ake haye kogin kafin a gina gadar. Mai Kifi ta taro mu tana goge hannu a zani, fuskarta ba walwala. Ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya ya riga ya wuce ciki yana kiran yara.

Muna shiga na ɗaga ido. An shafe bangon da shuɗin fenti daga sama har ƙasa. Mai Kifi ta raɗa min cewa sabon mai gidan da take haya ne ya sa aka yi, ta roƙe shi bai ji ba.

Yaya ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya ɗaga yatsa. "Ku duba nan. Wannan mai doguwar gorar shi ne sarkin fito na ƙarshe. Kun ga tabon goshinsa? Ranar ambaliya ya same shi. Ga matar da ta haihu a tsakiyar ruwa, ga akuyar da ta yi tsalle."

Yatsansa yana yawo a kan shuɗi tsantsa. Babban yaron ya dube ni, na yi masa alama ya yi shiru. Aka ajiye soyayyen kifi da burodi da yankakkiyar albasa a kan tebur, ba wanda ya kalla. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma haushi ya kama ni, don na gane a fuskar matarsa cewa ta daɗe da sanin idonsa ya tafi.

Na ce, "Yaya, babu komai a bangon nan. An shafe shi."

Ya matsa ya ɗora tafin hannunsa, ya shafa a hankali. Sannan ya juyo ya ce, "Ai na gani. Gwada yaran nake yi."

"Ba ka gani ba. Ba ni makullin, mu nemi direba a tasha."

"Ke za ki karɓi makulli a hannuna? Ni da na goya ki?"

"Ka goya ni, na gode. Amma yaran nan ba za su hau dutse da kai ba."

Ya fita yana dafa kujeru, muka ji ya tayar da mota. Sai ya danna ham, ya sake dannawa. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rufi.

Na riƙe hannun autan yaran gam, na tare ƙofa da jikina. Matar Yaya ta miƙe, ta naɗe masa kifinsa a takarda, ta gyara mayafi.

Na ce, "Anti, kin san halinsa, tafiya zai yi. Kada ki shiga."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa. In ban zauna kusa da shi ba, wa zai ce masa ga kwana?" Ta shafa kan yaran ɗaya bayan ɗaya, ta dube ni. "Ki sa su ci abinci."

Muna tsaye a bakin ƙofa motar ta hau gada, tayarta ta dama tana gogar gefen siminti.